Abokiyar aikina ta bar cocin Mormon ta koma zana yarintarta: zanen magani ne ko famin ciwo?

Maman Ilham ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a birnin Salt Lake na jihar Yuta a Amurka shekara shida ke nan, ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. A wurin aikin akwai wata Baturiya da muka shaƙu ƙwarai, ta girme ni da shekara huɗu, kuma ita ce ta riƙe ni kamar ƙanwarta a lokacin da na zo ban san kowa ba. An haife ta a cikin cocin Mormon, iyayenta da kakanninta duk 'yan cocin ne, har tana cewa kakannin kakanninta suna cikin waɗanda suka keto dajin Amurka da ƙafa suna jan amalanke har suka iso wannan kwari. Shekara uku da suka wuce ta daina zuwa coci, daga baya kuma ta rubuta takarda aka cire sunanta daga rajistarsu. Ba ta zagin cocin, ba ta kuma ce wani ya cuce ta ba. Abin da take faɗa shi ne imanin ya zube mata a hankali har ta wayi gari babu shi, kuma ta kasa ci gaba da nuna abin da ba ya cikin zuciyarta.

Tun daga lokacin ta shiga wani hali. Likita ya tabbatar mata tana da ciwon damuwa, tana shan magani, amma abin da ya fi ɗaukar hankalinta yanzu shi ne zane da fenti, alhali rabonta da riƙe buroshi tun tana makarantar sakandare. Ta mayar da garejin gidanta ɗakin zane, kuma a watan jiya ta kai ni na gani da idona. Na ga zanen wani dogon lungu na cikin coci, ƙofofi a rufe dama da hagu, babu mutum ko ɗaya. Na ga faranti ɗauke da 'yan ƙananan kofuna na ruwa, irin wanda ake zagayawa da shi ranar Lahadi. Na ga wata kantar ajiye kaya da ta karye a tsakiya, kwalaben 'ya'yan itace da aka adana sun tarwatse a ƙasa. Akwai kuma zanen furanni da aka matso da su kusa sosai, ta ce furannin harabar haikali ne, wato keɓaɓɓen ɗakin ibadarsu da ya bambanta da cocin ranar Lahadi, da ta zauna tana kallo ranar auren ƙanwarta, domin wanda ba shi da takardar izini ba ya shiga wurin ɗaurin auren, ita kuwa a lokacin ba ta da ita.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne zanen wata yarinya 'yar shekara takwas sanye da fararen kaya, tana tsaye cikin ruwa har ƙirji, ranar da aka yi mata baftisma. Yarinyar ba ta da fuska, wurin fuskar fenti ne kawai aka shafa aka goge. Na ƙirga irin wannan zanen guda goma sha ɗaya jingine da bango. Ta gaya mini wani lokaci idan ta gama sai ta ji kamar an sauke mata kaya daga ka, wani lokaci kuma ta kwana biyu ba ta runtsa ba.

Tambayata ita ce, shin wannan zanen taimakonta yake yi, ko kuwa fama mata ciwon yake yi kullum? Na rasa ko in ƙarfafa mata gwiwa ko in ce ta ɗan huta. Kuma idan ta nuna mini, ban san abin da ya dace in ce ba, sai in tsaya ina cewa ya yi kyau, alhali na san ba kyau take nema ba. Ni Musulma ce, ban kuwa kawo wannan magana don a yi muhawarar addini ba, ina neman yadda zan zama mata 'yar'uwa ta gari ne. Wanda ya san tarihin mutanen nan, ko harkar lafiyar ƙwaƙwalwa, ko zanen kansa, don Allah ya taimaka mini.

Dattijon Zazzau ya rubuta:

Wa'alaikumus salam, Maman Ilham. Allah ya saka miki da alheri bisa riƙon amanar abota. Ni ba likita ba ne, amma na karanta tarihin wannan coci gwargwado, kuma ina ganin akwai abin da idan kika sani za ki gane dalilin da ya sa buroshi ta ɗauka, ba ta ɗauki alƙalami ba.

Joseph Smith ne ya kafa cocin a jihar New York ranar 6 ga Afrilu, 1830. An kashe shi a garin Carthage na jihar Illinois a 1844, sannan Brigham Young ya jagoranci mabiyansa zuwa yamma har suka isa kwarin da kike zaune a watan Yuli na 1847. Cikakken sunansu shi ne Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, kuma a 2018 shugabansu na lokacin, Russell Nelson, ya nemi a daina kiransu Mormon, saboda haka idan kin haɗu da iyayen abokiyarki yana da kyau ki kiyaye wannan. Suna nan a ƙasashenmu ma, sun buɗe haikali a Accra a 2004, sun buɗe wani a Aba a 2005, bayan da suka janye dokar da ta hana baƙar fata riƙe muƙamin firist a 1978.

Abin da nake so ki lura da shi shi ne, wannan al'umma ce da ta ɗauki tuna baya a matsayin ibada. Suna tattara sunayen kakanni daga ko'ina a duniya, suna adana kwafin rajistocin haihuwa da aure da mutuwa a wata taska da suka haƙa cikin dutse kusa da Salt Lake, kuma ɗaya daga cikin shugabanninsu, Spencer Kimball, ya sha nanata wa mabiya cewa kowa ya riƙa rubuta abin da ya faru da shi a littafi. Yaron da ya tashi a cikinsu yana girma da sanin cewa rayuwarsa babi ce a cikin wani dogon labari da ya faro tun kafin a haife shi, kuma iyalinsa an ɗaure su da juna har bayan mutuwa. Wanda ya fita, ba wurin zuwa ranar Lahadi kaɗai ya rasa ba, ya rasa zaren da yake ɗinke kwanakin rayuwarsa wuri guda.

Sannan wannan labari da zane aka koya musu shi. Tun ƙarni na sha tara wani ɗan asalin Denmak mai suna C. C. A. Christensen ya zana manyan al'amuran tarihinsu a kan kyallaye, ya ɗinke su ya naɗe, yana yawo da su ƙauye-ƙauye yana warwarewa yana ba da labari. A 1890 cocin da kansa ya ɗauki nauyin wasu matasa, cikinsu har da John Hafen da Lorus Pratt da John Fairbanks, ya tura su Faris su koyo zane domin su dawo su ƙawata bangon haikalin Salt Lake da aka buɗe a 1893. Akwai Minerva Teichert, matar da ta yi karatun zane a New York ta koma tana zane a gidan gona a Wyoming, ta kuma zana bangon wani ɗaki a haikalin Manti a 1947. Akwai kuma Arnold Friberg, wanda a shekarun 1950 ya zana hotuna goma sha biyu na ƙarfafan jarumai daga littafinsu mai tsarki, aka yi ta buga su a cikin littafin. Abokiyarki ta ga waɗannan hotuna kafin ta iya karatu, babu shakka.

Ga wani misali da zai nuna miki nauyin abin. Shekara da shekaru zane-zanen da ake nuna wa yara suna nuna Joseph Smith zaune yana duba faifan zinariya a kan tebur yana fassara littafinsu mai tsarki daga rubutun da ya ce yana jiki. A ƙarshen 2013 cocin ya wallafa bayani a shafinsa na intanet cewa shaidun da suka ga aikin sun ce sau da yawa wani ɗan dutse yake sakawa cikin hula ya kifa fuskarsa yana faɗar kalmomin, kuma a 2015 suka fitar da hoton dutsen. Masu imani da yawa ba su ga abin tashin hankali a nan ba, sun ce mai zane ba marubucin tarihi ba ne. Wasu kuwa abin ya girgiza su, domin hoton da ke cikin kansu tun suna yara sun ɗauke shi kamar abin da suka shaida da idonsu. Mutumin da ya gano cewa wani ne ya zana masa abin da yake tunawa, ba abin mamaki ba ne ya ce bari shi ma ya zana nasa da hannunsa.

Kantar da kika gani a karye ma tana da ma'ana. A cikinsu akwai wata magana da ake yi, cewa idan tambaya ta dame ka ba ka sami amsa ba, ka ɗora ta a kan kanta ka ci gaba da ibada. Waɗanda suka fita sukan ce kantarsu ce ta karye saboda kaya sun yi mata yawa. Kwalaben kuma sanannen abu ne a gidajensu, domin ana koya musu adana abinci saboda ranar buƙata, iyaye mata suna cika kwalabe da 'ya'yan itace a lokacin kaka. Ni a ganina ta haɗa tambayoyinta da ɗakin girkin mahaifiyarta a zane guda, kuma wannan ya nuna mini ba ƙiyayya ce ke tafiyar da hannunta ba, kewa ce.

Abu Safwan ya rubuta:

'Yar'uwa, ni shawarata gajeriya ce. Tunda ta bar inda take kuma zuciyarta babu kowa a ciki, ina ganin dama ce Allah ya ba ki ta kira ta zuwa ga Musulunci cikin hikima, ki ba ta fassarar Alƙur'ani, ki kai ta masallaci ta ga yadda ake zumunci. Natsuwar zuciya tana cikin ambaton Allah, zane kuwa ba zai cike mata wannan gurbi ba, balle ma kin san maganar malamai a kan zana abu mai rai. Na faɗi haka ne don ina yi mata fatan alheri.

Anti Rahila ta rubuta:

Sannu Maman Ilham, sannu da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa a Ingila, shekarata sha huɗu a wannan aiki. Zan fara da ɗan'uwa Abu Safwan, wanda na yarda da alheri ya yi nufi. Ni Kirista ce, kuma da wani ɗan cocinmu ne ya ba da irin wannan shawara ta a jawo ta wurinmu, amsa ɗaya zan ba shi: ba yanzu ba. Wannan baiwar Allah ta ga yadda wasu da ta ɗauka aminai suka ja baya da ta daina zama a kujera ɗaya da su. Idan ta fahimci cewa ke ma abotarki da wata manufa a bayanta, za ta rufe miki ƙofar garejin, kuma wataƙila ke kaɗai ce take buɗe wa. Idan wata rana ta tambaye ki game da addininki, ki amsa mata da gaskiya, amma ki bari tambayar ta fito daga bakinta.

Game da zanen, amfani da shi wajen jinya tsohon abu ne. Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, shi ne ya raɗa wa abin suna a 1942, bayan ya yi jinyar tarin fuka ya ga yadda zane ya riƙe shi, ya kuma fara koya wa sauran majinyata. A Amurka Margaret Naumburg da Edith Kramer ne suka kafa tushen fannin, kuma yau akwai mutanen da suka yi karatunsa musamman. Amfanin da nake gani da idona a wurin aiki shi ne, akwai abubuwan da mutum ba ya iya faɗa saboda kalmomin da yake da su na wurin da ya baro ne. Abokiyarki idan za ta yi maganar baftismarta, kalmomin da za su zo bakinta su ne tsarki da alkawari da cancanta, kuma kowace ɗaya tana ɗauke da hukunci. Launi ba ya yanke mata hukunci. Tana iya ajiye abin a gabanta, ta ja da baya taku uku ta kalle shi, ta juya shi ya fuskanci bango idan ya ishe ta, wanda ba za ta iya yi wa tunanin da ke cikin kanta ba.

Sai dai akwai abu biyu da nake so ki riƙe. Na farko, ƙwaƙwalwa ba kyamara ba ce. Tun 1932 masani Frederic Bartlett na jami'ar Cambridge ya nuna cewa duk lokacin da mutum ya tuna abu, sake gina shi yake yi da kayan da ke hannunsa a ranar. A 1995 kuma Elizabeth Loftus da abokiyar aikinta sun gwada mutum 24, suka ba su labarin ƙarya cewa sun taɓa ɓacewa a babban kanti suna yara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka amince har suna cewa sun tuna. Saboda haka idan tana cikin baƙin ciki, yarinyar da za ta zana za ta fito da baƙin ciki, ko da a ainihin ranar tana dariya. Kada ke ko ita ku ɗauki zanen a matsayin shaidar abin da ya faru, har a je ana tuhumar iyaye da shi. Shaida ce ta yadda take jin abin a yau, kuma wannan ma gaskiya ce mai daraja.

Na biyu, maimaitawa iri biyu ce. Akwai wadda take tafiya, yau ruwan ya yi duhu, gobe ya yi haske, jibi wani abu ya bayyana a gefe. Akwai kuma wadda take tsaye wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure a turke yana zagaye, kuma ita ce take cinye mutum. Wasu da suka tashi cikin tsananin kiyaye dokokin addini, kowane addini ne, suna fama da waswasi, kullum suna jin ba su yi daidai ba, kuma wannan hali yana iya bin su har cikin zane, su yi ta gogewa suna sakewa don sun ga bai cika ba. Ki roƙe ta ta jera miki goma sha ɗayan nan bisa tsarin da ta yi su, za ki ga ko suna motsi.

Za ki iya jin wasu suna ambaton ciwon da ake kira raunin addini, sunan da wata masaniyar halayyar ɗan'adam, Marlene Winell, ta yaɗa a 2011. Sunan ya taimaki mutane da yawa su gane ba su kaɗai ba ne, amma ba ya cikin jerin cututtukan da likitoci suka amince da su a hukumance, don haka kada ya maye gurbin abin da likitanta ya gano. Rashin barcin kwana biyu da kika ambata shi ne ya fi damuna. Ki ƙarfafa mata ta gaya wa likitanta, ta kuma ɗauki hotunan zanen a waya ta kai wa mai ba ta shawara, ta riƙa yin masu nauyin da rana ba da tsakar dare ba, kuma kada ta daina magani don ta ji sauƙi na mako ɗaya. Idan kika ga ta daina cin abinci, ta fara fashin aiki, tana rabar da kayanta, ko tana maganar mutuwa, ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta, domin tambayar ba ta saka wa mutum tunanin. A Amurka lambar 988 tana aiki dare da rana tun 2022, ana kira ana kuma tura saƙo, ke ma kina iya kira don neman shawara a kanta.

Mai Buroshi ya rubuta:

Yaya Maman Ilham, ni sana'ata zane ce, bari in ƙara daga ɓangarenmu. Goma sha ɗaya ba ta tsorata ni ba. Edvard Munch ɗan Norwe ya rasa mahaifiyarsa a 1868 yana ɗan shekara biyar, yayarsa Sophie kuma tarin fuka ya kashe ta a 1877 tana da shekara sha biyar, ya tashi a hannun uba mai tsananin addini. Ya zana Sophie a kan gadon jinya sau shida da fenti tsakanin 1885 da 1926, wato shekara arba'in yana komawa ɗaki ɗaya, kuma a na farkon ya yi ta kankare fentin yana sakewa har ana ganin tabon a jikin kyallen. Amma in goyi bayan Anti Rahila, wannan mutumin da duk baiwarsa sai da ya kwanta a wani asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa a Copenhagen a 1908 na tsawon watanni. Zanen ya ba shi wurin ajiye abin, jinyar kuma ta ba shi ƙarfin ci gaba da zanen.

Rashin fuskar ma kada ki yi saurin fassara shi. Fuska ita ce mafi wuyar zane ga wanda ya daɗe bai yi ba, wannan ɗaya ke nan. Sannan fuska tana tilasta maka yanke shawara, domin da zarar ka ja layin baki ka riga ka ce yarinyar tana murna ko tana tsoro, ita kuwa wataƙila ba ta shirya yanke wannan hukunci ba tukuna. Bayan rasuwar mahaifina na yi shekara biyu ina zana zauren gidanmu, buzunsa a shimfiɗe, butarsa a gefe, hasken la'asar yana shigowa ta ƙofa ya faɗi a kan daɓe, amma na kasa zaunar da shi a kan buzun. Ranar da na yi ta neman launin bangon na kasa samu, na ƙara ɗan ja a cikin ruwan ƙasa ya fito daidai, sai na ji ƙamshin turaren da yake shafawa kamar yana bayana, na ajiye buroshi na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Hannu yana tuna abin da kai ya manta, kuma sau da yawa ta hanyar ƙaramin abu yake zuwa.

Shi ya sa nake ba ki shawara ki daina cewa ya yi kyau, kada kuma ki tambaye ta me yake nufi, domin wannan tambaya tana sa mai zane ya ji kamar yana gaban alƙali. Ki tambayi abin da idonki ya gani. Ki ce mata, na ga farin rigar nan akwai shuɗi a ciki, me kika haɗa? Ruwan nan da sanyi ne ko da ɗumi? Wa yake tsaye a nan gefen da kika bari babu komai? Idan da fentin mai take aiki, ki kuma tuna mata ta riƙa buɗe ƙofar garejin, domin warin ruwan wanke buroshi a rufaffen wuri yana sa ciwon kai da jiri, kuma wanda ba ya barci ba ya buƙatar ƙarin wannan.

Maman Ilham ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba Dattijo, Anti Rahila, Malam Mai Buroshi, da ɗan'uwa Abu Safwan, Allah ya bar zumunci. Ranar Asabar na je gidanta da rana, na roƙe ta ta jera mini zanen yarinyar bisa tsari, muka jingina su a jikin motarta daga na farko har na ƙarshe. Suna motsi, Anti. A na farkon ruwan baƙi ne kusan kamar rijiya, a na bakwai ya koma kore mai haske, a na tara kuma tayil ɗin bango ya bayyana. Ita kanta ba ta taɓa jera su haka ba, ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba.

Na yi tambayar da Malam ya koya mini, na ce ruwan da sanyi ne? Ta ce a'a, da ɗumi, mahaifinta ya sa hannu ya taɓa kafin ta sauka domin ya san tana tsoron sanyi. Ta ce shi ne ya yi mata baftismar, ya riƙe wuyan hannunta da hagunsa ya ɗaga damansa sama, muryarsa tana rawa, kuma mahaifiyarta ta yi mata kitso biyu ta ɗaure su tamau don kada gashi ya taso saman ruwa a ce sai an sake. Ta yi kuka, ni ma na yi. Daga nan ta jawo wani sabon kyalle da ta fara ranar Alhamis, na sha biyu, ta ɗauki gawayin zane ta ja siffar babban hannu a kan wuyan hannun yarinyar. Fuskar har yanzu babu.

Na gaya mata maganar barcin ba tare da kwana-kwana ba, ta yarda za ta faɗa wa likitanta ranar Talata, ta kuma ce in riƙa tambayarta. Mahaifiyarta za ta zo mata ƙarshen wata, karo na farko cikin shekara guda, kuma tana tunanin ko ta juya dukkan zanen su fuskanci bango ko ta bar ɗaya a buɗe. Ta ce idan za ta bari, na kwalaben za ta bari, domin ta zana rubutun hannun mahaifiyar a kan murafen kamar yadda take rubuta shekara a kai, kuma tana so ta ga ko za ta gane.